Yadda Ake Raya Tsohuwar Hedikwatar Hukumar Sufuri Bayan Ma'aikata Sun Tashi

Idan hukumar sufuri ta koma sabon mazauni, tsohon gininta yakan zauna a rufe shekara da shekaru, domin wanda ya tashi ya daina kashe masa kuɗi, wanda zai shiga kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Wannan bayani na waɗanda irin wannan nauyi zai iya hawa kansu ne a Katsina ko Daura, wato jami'an ma'aikatar ayyuka da sufuri, da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, da ɗaliban zanen gine-gine.

A fara da gano mai ginin a kan takarda. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, saboda haka hukumar da ta yi shekaru a cikin gini tana iya kasancewa mai zama kawai, takardar mallaka kuwa tana wata ma'aikatar. Haka abin yake a gini mai lamba 370 a titin Jay da ke unguwar Brooklyn a birnin Niyok na Amurka, wanda aka kammala a 1951 ya kuma zama hedikwatar hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas ta birnin. Gwamnatin birni ce ke da ginin, hukumar sufuri a lokacin tana riƙe da shi haya, kuma sai da aka daidaita ɓangarorin biyu a 2012 sannan Jami'ar Niyok ta karɓe shi.

Daga nan sai tattara tarihi, kuma wannan ne aikin da ya fi cancanta a ba shi lokaci, domin shi ne zai nuna abin da za a iya rushewa da abin da ba a taɓawa. Mai bincike a Katsina ya tuna cewa jihar ta samu ne a ranar 23 ga Satumba 1987, don haka fayil na duk ginin gwamnati da ya girmi wannan shekara yana iya kasancewa a Kaduna, ko dai a ma'aikatun tsohuwar jiha ko a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can. A leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, a nemi zanen ginin na asali da tsofaffin hotuna. Sai dai takarda ba ta faɗin yadda aka yi aiki a cikin gini. Wannan sai a bakin tsofaffin direbobi da kwandastoci da makanikai da masinjoji, kuma ya fi kyau a zagaya da su ɗaki-ɗaki ana naɗar muryarsu, maimakon a zaunar da su a ofis ana jero musu tambayoyi. Su ne za su nuna tagar da ake yankar tikiti, da ɗakin da kashiya ke ƙirga cinikin yini. A ginin titin Jay, abin da mutane suka fi tunawa shi ne ɗakin ƙirga kuɗi, wanda wani jirgi na musamman ke kawo wa cinikin tashoshi ta ƙarƙashin ƙasa har zuwa 2006, ba ofishin shugaban hukuma ba.

Bayan haka injiniya ya duba lafiyar ginin, kuma a ganina cikin damina ya kamata ya zo, lokacin da rufi da indararo da magudana ba sa iya ɓoye aibinsu. Harabar sufuri tana da nata matsaloli na daban: tankin mai da aka binne, da ramin gyaran mota, da ƙasar da ta sha baƙin mai shekaru masu yawa. Idan akwai tsohon rufin asbesto, kada a bar leburori su farfasa shi, domin ƙurarsa tana lalata huhu.

Zaɓen sabon aiki shi ne inda ake yawan saɓani. A Landan, hedikwatar jiragen ƙarƙashin ƙasa mai lamba 55 a titin Broadway, wadda Charles Holden ya zana aka gama a 1929 a kan tashar St James's Park, ta shiga sahun farko na gine-ginen da doka ta kare a 2011, sannan a 2019 aka ba wani kamfani hayarta ta shekara 150 domin ya mayar da ita otal. A Niyok jami'a ce ta shiga, ta gyara ciki ta bar fuskar ginin yadda aka san ta. Mu ma muna da namu misalin a gida, tunda tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 yau gidan tarihi ne. Amma kuɗin shiga gidan tarihi da wuya ya ɗauki nauyin fenti da wuta da mai gadi, shi ya sa na fi karkata ga a ware ɗaki ɗaya ko biyu domin tarihin hukumar, sauran kuma a ba mai aikin da zai kawo mutane kullum. Cibiyar koyar da tuƙi da kanikanci ta dace da irin wannan haraba, kuma tunda ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ba za a rasa wanda za a tuntuɓa ba.

Haya mai tsawo ta fi sayarwa, domin ƙasar tana nan a hannun jama'a. A rubuta cikin yarjejeniya sassan da ba za a canza ba, da wanda zai biya kuɗin gyara, da wa'adin da idan ya cika ba a fara aiki ba ginin zai koma hannun gwamnati. A kuma ajiye kwafin zane da hotuna da muryoyin da aka naɗa a wuri biyu daban-daban kafin magina su shiga.