Yadda Ake Gane Tsohon Ƙyallen Damtse na Zamanin Yaƙi da Adana Shi

A Katsina da Daura ba a kanti ake samun ƙyallen damtse na zamanin yaƙi ba, wato ƙyallen da ake ɗaurawa a damtse don nuna aikin mutum. Daga adakar mazan jiya yake fitowa, galibi ranar rabon gado, a naɗe tare da lambobin yabo da littafin sallama daga soja. Abu na farko da mutanen gida kan yi shi ne su jiƙa shi a ruwan omo don ya fita fes. Kada a yi haka. Wanki yana cinye hatimi, yana sa jan launi ya zuba a kan fari, kuma yana ɓata gwajin fitila da za a yi nan gaba. A bar shi da dauɗarsa.

Kafin ka taɓa ƙyallen, ka zauna da dattawan gidan. Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Baba, a wace runduna marigayi ya yi aiki, wane aiki kuma aka ba shi?" Ka rubuta suna da lambar soja da shekarar sallama, ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Biyu da Ingila ta raba wa sojojinta yawanci ba su da sunan mai su, saboda haka takardar ce kaɗai ke haɗa kayan da mutumin. Ƙyallen da aka raba da takardarsa darajarsa ta ragu sosai.

Daga nan sai karatun haruffa. MP na 'yan sandan soja ne: na Ingila a wancan yaƙin baƙi ne da jajayen haruffa, na Amurka kuwa haruffansa farare ne a kan yadi mai duhu. SB ja a kan fari na masu ɗaukar waɗanda aka raunata ne. Irin waɗannan su ne za su iya dawowa da 'yan Boma, wato sojojinmu na RWAFF, rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Ingila, da suka yi yaƙi a Runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945. A kula, baƙin gizo a kan rawaya na Runduna ta 81, da mashi biyu da suka gitta a kan gammo na ta 82, bajon kafaɗa ne da ake ɗinke wa riga. Ba ƙyallen damtse ba ne, amma samun su a adaka ɗaya shaida ce mai ƙarfi.

Na farar hula sun fi yawa a duniya, sun fi ƙaranci a nan. LDV na 'yan sa-kai ne da aka kafa a Ingila a watan Mayu 1940, aka sauya musu suna zuwa Home Guard a watan Yuli na shekarar. ARP na masu gargaɗin harin jiragen sama ne, CD kuma na masu kare farar hula, shuɗi mai duhu da rawayan rubutu. FFI mai launukan tutar Faransa na 'yan gwagwarmayar 1944 ne. Idan dillali ya ce maka ƙyallen Home Guard daga jakar wani tsohon soja na Daura ya fito, ka nemi ƙarin bayani, don a Ingila aka yi aikin nan. Mai yiwuwa a dilar gwanjo ya zo, ko an saye shi ta intanet.

Fari mai jan kuros yana da ƙa'idarsa tun Yarjejeniyar Janiba ta 1864 da ƙasashe suka ƙulla don kare waɗanda aka raunata a yaƙi. A hannun hagu ake ɗaura shi, kuma hukumar soja ce ke bayar da shi da hatiminta. Ka juya bayansa ka nemi hatimin tawada, wani lokaci da lamba. Wanda ba shi da hatimi zai iya zama tsoho, amma ya fi kama da na ƙungiyar agaji ko na makaranta. Daga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ma ana samun irinsa da yawa, kuma tela ne ya ɗinka wasu, don haka rashin kyan ɗinki kaɗai bai isa a ce jabu ne ba.

Inda aka zana kambin sarauta, an rage maka aiki. Kambin da samansa ya yi tudu kamar tulluwa shi aka yi amfani da shi daga 1902 zuwa farkon mulkin Sarauniya Elizabeth. Wanda tsakiyarsa ta lotsa daga 1953 ne zuwa gaba. Duk ƙyallen da aka ce na yaƙin Hitila ne kuma yana da kambi mai lotsawa, maganar ta ƙare. Sai dai mai tudun ya dawo aiki a 2022 da hawan Sarki Charles, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne.

Yanzu sai yadin kansa, nan ne jabu ke tona kansa. Ka tanadi gilashin ƙara girma mai ninki 10, da tef ɗin tela, da fitilar duba jabun kuɗi. Faɗin yawancinsu santimita 8 zuwa 10 ne, tsawo kuma wajen 40 zuwa 45. Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska fitilar a kan farin. Farin yadin zamani yana ƙyalli shuɗi-shuɗi saboda sinadarin ƙara haske da aka fara zuba wa yadi da sabulu sosai daga shekarun 1950. Tsohon auduga ba ya ƙyalli, dishi-dishi yake zama. Idan an taɓa wanke shi da omo zai yi ƙyalli dabbare-dabbare ko da na 1942 ne, shi ya sa aka hana wanki tun farko. Ka haska zaren ɗinkin ma, don masu jabu kan sami tsohon yadi su manta da zare.

Gwajin wuta a kan silin zare ɗaya da ya riga ya warware ake yi, kada a yanka ƙyallen. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi. Ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa na murƙushewa. Zaren roba narkewa yake ya dunƙule da tauri, kuma sai a shekarun 1950 irin wannan yadi ya yaɗu a kasuwa. Maɗauri mai mannewa da ƙara idan an ɓalle shi ma bayan yaƙin ya fito. Na da maɓalli ne, ko ɗan ƙarfe, ko igiya, ko fil. Tsufan gaskiya ba ya zuwa daidai-wa-daida: waje ya koɗe da rana, cikin naɗi yana da sauran launi, akwai gumi ta ciki da tsatsa a ramin fil. Wanda ya yi ja bai ɗaya har cikin ɗinki, a ruwan shayi aka tsoma shi.

Na Jamus na zamanin Nazi da fararen nan masu shuɗin tauraro da aka tilasta wa Yahudawa ɗaurawa a Folan daga ƙarshen 1939 su ne aka fi yi wa jabu. Mai farawa ya bar su. Na biyun ma shaidar zalunci ne, wurinsa gidan tarihi.

Wajen ajiya, maƙiyansa uku ne: rana, laimar damina da ƙwari. Ka cire fil ɗin ƙarfe ka ajiye daban a ambulan. Ka kaɗe ƙura da buroshi mai laushi. Ka shimfiɗa shi a miƙe tsakanin farin alawayyo da aka wanke da ruwa zalla, a akwati nesa da ƙasa da bango saboda gara. Ban da guga, ban da gam, ban da manne shi a leda da inji. Kada kafur ya taɓa yadin. Idan ka ga ramukan asu a na ulu, ka ƙulle shi a leda ka sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har mako biyu, a inda wuta ba ta yankewa, domin idan ya narke a tsakiya ƙwayayen ba sa mutuwa. Bayan an fitar, a bar shi a ledar kwana ɗaya kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kansa.

Kada ka ɗaura na MP ko na jan kuros ka fita da shi, doka ta kare alamomin nan. Idan wani daga waje ya taya, ka fara tuntuɓar gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, domin fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.