Yadda Ake Gano Matsalar Mitocin Dashbod a Tsohuwar Mota Kafin a Kashe Kuɗi

Da yawa daga cikin motocin da muke hawa yau, irin su Golf, Vectra, Peugeot 406, Corolla da Accord, an ƙera su ne tsakanin tsakiyar shekarun 1990 da tsakiyar shekarun 2000, kuma wayoyinsu sun sha zafin rana, sun sha ƙurar hunturu, sun sha jijjigar ramukan hanya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya wayi gari ya ga allurar mai ta kwanta alhali jiya ya cika tanki, ko allurar gudu tana tsalle, ko fitilun gargaɗi suna kamawa suna ɗaukewa ba gaira ba dalili. Abin da aka saba shi ne a ce mita ta mutu, a aika yaro kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata. A ganina wannan gaggawa ce, domin allon mitoci ɗan aike ne kawai, saƙon da aka ba shi yake nunawa, kuma sau da dama lafiyarsa ƙalau, wutar da ke shigar masa ce ko wayar da ke kawo masa saƙo ta sami matsala.

Mataki na farko ba ya buƙatar ko sukundireba. A zauna a kujerar direba, a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da an tayar da injin ba, sannan a lura da kyau. A wannan lokacin ya kamata fitilar batir, da ta man injin, da ta injin kansa, da ta ABS, wato na'urar hana taya cijewa idan an taka birki, da ta jakar iska idan motar tana da su, duk su kama, domin haka motar take gwada ƙwayayen fitilunta. Wadda ba ta kama ba, ko dai ƙwanta ya ƙone ko kuma wani ya cire shi da gangan, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a motar da aka saya hannu, inda akan zare ƙwan fitilar injin ko a rufe shi da baƙin tef don kada mai saye ya gani. Bayan haka sai a tayar da injin, a ga waɗanda suka mutu da waɗanda suka ƙi mutuwa.

Daga nan sai a yi wa kai tambayar da ita ce ginshiƙin dukkan aikin: abu ɗaya ne ya lalace, ko abubuwa da yawa a lokaci guda? Idan allura ɗaya ce tak ta daina aiki, zargi yana kan sensarta, wato na'urar da ke yin awo ta aiko mata da saƙo, ko wayarta. Idan kuwa allurai uku ko huɗu ne suka rikice tare, da wuya a ce sensa huɗu sun mutu rana ɗaya, don haka sai a nemi abin da suka yi tarayya a kansa, wato fis, ko wutar batir, ko wayar da ke mayar da wuta zuwa jikin ƙarfen mota wadda masu gyara ke kira at, ko kuma soket ɗin da ke bayan allon. Yana da kyau a tuna da lokacin da matsalar ke tasowa. Wadda ke zuwa idan an faɗa rami tana nuna waya ko soket mai sako-sako, wadda ke zuwa bayan mota ta daɗe a rana tana nuna tsagewar dalmar da aka liƙe ƙafafun kayan wuta da ita a cikin allo, wadda kuma ta fara bayan ruwan sama ko bayan an wanke injin tana nuna ruwa ya shiga inda bai kamata ba. A kuma tuna ko an yi wa motar wani aiki kwanan nan, kamar sa rediyo ko ƙararrawar tsaro ko ƙarin fitilu, domin wurin da aka yanki waya aka naɗe da tef shi ne wuri na farko da ya cancanci dubawa.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: mitar awon wuta, fitilar gwaji, sukundireba iri-iri, feshin wanke soket, da kuma ƙaramar na'urar karanta lambobin matsala idan da hali.

A fara da batir. Idan mota ta kwana ba a tayar da ita ba, lafiyayyen batir yana nuna kimanin volt 12.6, kuma idan ya sauka zuwa 12.0 to ya kusa ƙarewa. Idan injin yana aiki, ya kamata awon ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13 yana nufin altaneta ba ta caji yadda ya kamata, sama da 15 kuma yana nufin tana zuba wuta fiye da kima, abin da ke ƙona ƙwayayen fitila ya kuma rikita mitoci. Akwai wani gwaji da mutane ba su cika yi ba, wato a juya mitar zuwa awon AC a ɗora a kan batir injin yana aiki, kuma idan aka ga ya kai rabin volt, to akwai alamar dayod ɗin altaneta, mai daidaita wutar da take bayarwa ta bi hanya ɗaya, ya lalace, wanda shi kaɗai ya isa ya sa allurai su riƙa rawa. Ina roƙon mai karatu da ya guji al'adar nan ta cire kan batir injin yana aiki don a ga ko mota za ta mutu. A zamanin 504 an yi haka an kwana lafiya, amma a motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar da allon mitocin gaba ɗaya.

Sai fis. Mafi yawan motoci suna da akwati biyu, ɗaya a ƙarƙashin bonet, ɗaya a cikin mota kusa da gwiwar direba, kuma a jikin murfin akwai zanen da ke nuna aikin kowanne. Kallo da ido ba ya wadatarwa, gara a taɓa kawunan fis ɗin biyu da fitilar gwaji makulli yana kunne, a tabbatar wuta tana ɓangarorin biyu. Launi yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan an canza fis ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta ɓare tana taɓa ƙarfe, kuma sa wanda ya fi shi ƙarfi ko naɗa masa zaren waya ba gyara ba ne, hanya ce ta kunna wuta a ƙarƙashin dashbod.

A kan wayar at nake so in daɗe, domin ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ke haifar da alamomin da suka fi ɗaure kai. Duk wutar da ta shiga allon mitoci dole ta sami hanyar komawa batir, kuma hanyar ita ce wata waya, mai launi gwargwadon kamfanin motar, sau da yawa baƙa ko ruwan ƙasa, da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe bayan dashbod ko a gefen ƙafar direba. Idan tsatsa ta ci wurin, wutar sai ta nemi wata hanya ta cikin ƙwayayen fitila da allurai, shi ya sa za a ga an kunna fitilar gaba allurar zafi ta haura, ko an ba da sigina fitilar batir ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. Gwajin da ya fi inganci shi ne a kunna makulli da fitilu da fanka, a ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na ragi (mai alamar –), ɗayan kuma a jikin injin, sannan a jikin ƙarfen mota, sannan a wayar at ta allon. Bai kamata awon ya wuce volt 0.2 ba. Idan ya wuce, a kwance notin, a goge wurin da takardar yashi har farin ƙarfe ya bayyana, a mayar a ɗaure tamau, a shafa giris kaɗan a sama don hana tsatsa dawowa. Kada a manta da kakkaurar wayar da ke haɗa injin da jikin mota, wadda sau da yawa ake barinta a sake bayan an sauke injin ko giya.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, kuma allura ɗaya ce ke da matsala, sai a koma kan sensarta. Ma'aunin mai wani abu ne mai yawo a saman fetur a cikin tanki, yana jan ɗan hannu a kan wani layin ƙarfe da ke goguwa da tsufa, kuma a motoci da yawa ana isa gare shi ta ƙarƙashin kujerar baya. A cire soket ɗinsa makulli yana kunne, a ga ko allurar ta motsa zuwa ƙarshe ɗaya, domin idan ta motsa, allon da wayar suna aiki, laifin yana cikin tanki. Wannan aiki a fili ake yinsa, nesa da sigari da duk wani abu mai tartsatsi. Sensar zafi kuwa ƙarfin tare wutarta yana raguwa yayin da ruwa ke ɗaukar zafi, don haka a auna ta da safe injin yana sanyi, a sake aunawa bayan ya yi zafi, kuma idan lambar ba ta sauka sosai ba, ta mutu. Sai dai a motar da aka cire wa tamostat, wato abin da ke tare ruwa har injin ya ɗau zafi, aka haɗa fanka kai tsaye, allurar na iya zama a ƙasa kullum, kuma a nan gaskiya take faɗa. Allurar gudu a tsofaffi irin 504 da 505 kebur ne ke juya ta daga giya, a na baya kuma sensa ce a jikin giya ko saƙo daga ABS, shi ya sa wani lokaci fitilar ABS da allurar gudu suke lalacewa tare.

Fitilu biyu suna buƙatar taka-tsantsan na musamman. Idan fitilar man injin ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe injin nan take, a duba mai, kuma kada a ɗauka sensa ce sai an ɗaura ma'aunin matsi an tabbatar. Fitilar batir kuma, a tsofaffin motoci da yawa, ta cikin ƙwanta wutar farko ke bi zuwa altaneta, saboda haka ƙonewar wannan ɗan ƙwai na iya hana caji, a je a sayi altaneta a banza.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a kusa da sitiyari wanda ake kira OBD. Na'urar da ake jonawa a nan ba lambobin matsala kawai take karantawa ba, irin su P0500 da ke nuni ga sensar gudu, tana kuma nuna abin da ƙwaƙwalwar mota ke gani a daidai lokacin. Idan na'urar ta nuna gudu da zafin ruwa daidai amma allurai suna kwance, an wanke sensa daga zargi, saura waya da allo, sai dai a motar da allurar zafi ke da tata sensar daban. A Peugeot 307 da 406 na baya-baya, saƙonni suna bi ta wani akwati mai suna BSI, wanda ba ya shiri da ruwa ko raunin batir, don haka a duba shi kafin a taɓa allon.

Sai an zo nan ne ya dace a cire allon. A kashe mota, a cire kan batir na ragi, a jira aƙalla minti goma saboda jakar iska, kuma kada a kusanci duk soket mai launin rawaya da mita ko fitilar gwaji, domin na jakar iska ne. Wanda rediyonsa ke neman lambar sirri ya tabbatar yana da ita tukuna. A sauke sitiyari ƙasa, a kwance murfin roba a hankali tun da zafi ya busar da shi yana saurin karyewa, a jawo allon, a ɗauki hoton soket ɗin da waya kafin a zare su. A duba bakunan ko sun yi kore ko sun lanƙwashe, a fesa musu abin wankewa, a mayar a gwada, domin sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa. Idan bai ƙare ba, a buɗe bayan allon a duba ɗigon dalmar da ke riƙe da ƙafafun soket a ƙarƙashin haske mai ƙarfi da gilashin ƙara girma. Tsagewar takan fito kamar siririn zobe kewaye da ƙafar, kuma sake narkar da ita da ɗan ƙarin dalma aiki ne da duk ƙwararren mai gyaran rediyo ko wayar salula zai iya cikin ɗan lokaci. Ban ba da shawarar a zare allurai ba sai dole, kuma idan dole ta yi, a sa alama a inda kowace take kwance, in ba haka ba za ta riƙa nuna ƙarya har abada.

Idan an tabbatar allon ya mutu, a tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada lambar da ke liƙe a bayansa da ta wanda za a saya, domin na mai fetur da na mai dizal, na giyar hannu da na otomatik, na Amurka mai lissafin mil da na Turai mai kilomita, duk suna iya kama da juna a fuska amma cikinsu daban. A motoci da yawa adadin tafiyar da mota ta yi a cikin allon yake, don haka a rubuta tsohuwar lambar a ajiye don a gaya wa mai saye gaskiya wata rana. A wasu kuma, irin Golf 4, na'urar tantance makulli tana cikin allon, ta yadda idan an sa wani, injin zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu har sai mai na'ura ya daidaita shi da makullin, saboda haka a yi ciniki da mai kaya a kan cewa za a dawo masa da shi idan bai dace da motar ba.