Yadda Za A Tantance Rahoton Likita Kan Kangarewar Yaro Idan Daga Wata Ƙasa Rahoton Ya Fito

Idan aka miƙa wa iyaye takardar asibiti cewa ɗansu yana da larurar kangarewa, wato dawwama a kan cin zali, sata, ɓarna da take doka, abin da ya kamata su fara tambaya shi ne da wane kundi aka auna shi. Likitocin Amurka suna bin DSM-5, kundinsu na larurorin ƙwaƙwalwa da ya fara fitowa a shekarar 2013, wanda ya jera ɗabi'u 15, ya kuma sharɗanta a ga aƙalla uku cikin watanni 12, ɗaya daga ciki a watanni shidan ƙarshe. Ƙasashe da yawa kuwa kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD, suke bi, kuma tsohon bugunsa, ICD-10, ya cusa taurin kai da gardama da manya cikin wannan larura, alhali DSM da sabon bugun, ICD-11, sun ware su daban. Ke nan wani yaron da aka liƙa wa wannan suna mai gardama ne kawai, bai taɓa cutar da kowa ba.

Sannan a nemi likita ya lissafa ɗabi'un ɗaya bayan ɗaya, a kuma ba shi labarin inda yaron ya tashi, domin rashin duba wannan yana iya sa a zalunci yaro. Gudun makaranta kafin shekara 13 yana cikin jerin, amma yaron da ake ɗora wa farantin talla tun da sassafe ba gudu ya yi ba. Wanda ya taso a sansanin gudun hijira kuwa, da an dafa kafaɗarsa ta baya ya zabura ya kai duka, mai yiwuwa firgici ne ke cinsa, kuma DSM da kansa ya yi kashedi kan yanke hukunci a wuraren yaƙi.

Wajen magani, a tambayi abin da za a fara da shi. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, tun 2013, ta fifita horar da iyayen yara 'yan shekara 3 zuwa 11, ga 'yan 11 zuwa 17 kuma aikin da ya haɗa gida, makaranta da unguwa. Ba ta amince da ƙwaya a matsayin maganin yau da kullum ba. Idan an rubuta ƙwayar risperidone saboda tsananin faɗa, a nemi sanin tsawon lokacin shansa da wanda zai riƙa auna nauyin yaron, domin maganin yana sa ƙiba.