Yadda na gyara talabijin ɗin da ta ƙi karɓar fasuwod ɗina

Tun da aka ɗauke wuta aka dawo da ita a unguwarmu ta Rikkos a nan Jos, manhajar kallon fina-finai ta fitar da ni. In gama lallaɓa fasuwod da rimot harafi-harafi, sai ta ce a sake gwadawa. Na canza fasuwod, na kashe rauta (na'urar da ke ba da Wi-Fi) na kunna, duk a banza. Data kuwa akwai.

Ashe agogon talabijin ɗin ne ya koma wata shekara can baya. Idan kwanan wata bai yi daidai ba, na'ura ba ta yarda da shaidar tsaron shafin, sai ta yanke haɗin.

Na shiga saituna, ɓangaren kwanan wata da lokaci, na kashe na atomatik, na sa ranar yau da hannu, yankin lokaci GMT+1, wato na Legas. Na zare filogi minti 1, na mayar. Sannan a cikin manhajar na zaɓi shiga ta waya, na haska lambar QR da ta fito a fuskar talabijin da kyamarar wayata, na danna amincewa. A yi sauri a nan, lambar ba ta daɗewa take mutuwa.

Alhamdu lillahi ta buɗe, godiya ga ƙanena da ya ce in duba agogo.