Yadda na dawo wa Hilux ɗina da ƙarfinta bayan na sa manyan taya

Tun da na cire taya mai inci 30 na ɗaura mai inci 33, motar ta yi sanyi. A kwalta giya ta biyar ba ta ja, a rairayin hanyar Tangaza kuwa sai in ji ƙaurin kulochi. Inji lafiya lau yake. Babbar taya ce ta tsawaita giyar, shi ya sa maleji ma yake nuna ƙasa da gudun da nake yi.

Maganin shi ne a canza faifan giya biyu masu haƙora da ke cikin aksul, don a samu sabon rashiyo, wato adadin haƙoran babban faifan a raba da na ƙaramin. Ga lissafin: rashiyon aksul na asali sau incin sabuwar taya, a raba da na tsohuwa. Nawa 4.10 ne, sau 33, raba 30, ya ba ni 4.51. Mafi kusa da shi a kasuwa 4.56. Akwai 4.88, ya fi ja a yashi, amma injin zai riƙa kuka a doguwar hanya kamar ta Gusau, ga shan mai. Na bar shi, na ɗauki 4.56.

Bakanikena a nan Sakkwato ya ce, "Alhaji, ƙirga haƙoran da kanka." Babban faifan 41, ƙaramin 9. Na tsohon 41 ne da 10.

Gaba da baya muka canza tare, don in suka bambanta aka sa fowil, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, wani abu zai karye. Ya shafa fenti a haƙoran, ya juya, ya yi ta gyara tazara har shaidar ta zauna a tsakiya. Wannan aikin ba na gaggawa ba ne. Bayan kilomita 800 na sauya man aksul.