Gano kumburin tsoka kafin a rubuta prednisolone

Mai kumburin tsoka (myositis) na iya shan maganin taifot da na sanyi wata da watanni kafin a gano cutar. Ana ta tambayarsa ina ke ciwo, alhali babbar alamarta rashin ƙarfi ce.

Tambaye shi ko yana miƙewa daga sujada ba tare da dafa gwiwa ba, mace kuma ko tana iya ɗaga hannu ta taje gashi. Cinya da kafaɗa raunin yake kamawa, hagu da dama daidai, cikin makonni ko watanni. Gwada ƙarfin tsokoki a ma'aunin MRC, daga 0 (ba motsi) zuwa 5 (cikakken ƙarfi), har da sunkuyar da wuya. In ya haura shekara 50, kuma damƙar yatsu da gaban cinya suka fara saki, zargi IBM (inclusion body myositis), wani nau'in cutar da ba ya jin prednisolone, maganin steroid da ake bayarwa don kumburin tsoka.

Duba fata a hasken rana. Ƙurajen Gottron na bayan gaɓoɓin yatsu, alamar dermatomyositis (nau'in cutar da ke taɓa fata), da littattafai ke cewa ja ne, a baƙar fata duhu suke yi.

Sai gwajin CK, sinadarin da ke fita cikin jini in tsoka ta lalace, kuma a ɗebi jinin kafin a fara magani, don prednisolone na saukar da shi. A wannan cuta CK yakan ninka iyakar mai lafiya sau goma ko fiye. Ƙaramin hawa ba hujja ba ne: baƙar fata dama CK ɗinsu ya ɗara na Turawa, aikin gona da allurar tsoka ma suna ɗaga shi. AST da ALT, da ake aunawa a gwajin hanta, kan hau daga tsokar kanta, sai a ɗora wa hanta laifi. In GGT, wani gwajin hanta da tsoka ba ta ɗaga shi, lafiya lau yake, bar hantar.

Kawar da cututtuka masu kama da ita: auna TSH (gwajin thyroid), potassium da HIV, ka tambaya ko yana amfani da statin (maganin rage kitsen jini), zidovudine (maganin HIV), man bilicin ko ƙwayoyin ƙiba.

Mai tari da haki, a tuna huhu. Cutar huhun da ke tare da anti-Jo-1, wata alamar garkuwar jiki da ake gani a jinin wasu masu kumburin tsoka, tana iya shigewa a matsayin tibi a hoton ƙirji, don haka in GeneXpert, gwajin tibi, bai nuna komai ba, nemi hoton CT na ƙirji.

In za a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe don yankar samfurin tsoka, a kira ɗakin gwaji tukuna. A zaɓi tsoka mai ƙarfin 4 a ma'aunin MRC, ba wadda ta shanye ba, ba kuma inda allurar EMG (gwajin lantarkin tsoka) ta shiga ba. Kada a jefa duka samfurin a formalin, ruwan adana samfur, yana kashe gwajin da ake yi a daskararre. A naɗe shi a bandeji mai ɗan damshin saline, a kai cikin sanyi nan take.

Babba mai dermatomyositis, a binciki cutar kansa a jikinsa, musamman a shekara 3 na farko bayan gano dermatomyositis ɗin.