Yadda direban tirela a Amurka zai kare haƙƙinsa kan lissafin mil

Kamfanonin dakon kaya da yawa a Amurka suna biyan direba bisa yawan mil, amma ba kullum mil ɗin da motar ta ci ake lissafawa ba. Wasu suna amfani da jadawalin nisan hanyoyi na kamfanin taswira Rand McNally ko manhajar lissafin nisa ta PC*Miler, waɗanda kan iya zaɓar hanya mafi gajarta tsakanin gari da gari, ko da ba ita ce hanyar da direba zai bi a zahiri ba.

Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka nemi a rubuta maka tsarin da za a bi: gajeriyar hanya, ko hanyar da babbar mota ke iya bi, ko abin da mitar motar ta nuna. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci, domin idan ka riga ka amince, gardama ba ta cika amfani ba.

Kowace tafiya ka ɗauki hoton mitar a wajen lodi da wajen saukewa, ka adana bayanan na'urar ELD, wato na'urar lantarki da ke rubuta sa'o'in tuƙi da nisan da motar ta ci. Idan rufewar hanya ta sa ka zagaya, ka sanar da mai tsara tafiya a rubuce nan take, sannan ka kwatanta bayananka da takardar biyan kuɗi duk mako.